Wai Nijar ƙasar waje ce? Muhawara a zauren mazauna Kubwa

Alhaji Garba Mai Yadi:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini rai, yau kuma na ga ya dace in amayar da shi ko na samu sauƙi. Cikin ƙasashen wajen da Allah ya sa na taka, ko don sarin kaya ko don neman lafiya, babu wadda ta kwanta mini kamar Ruwanda, babu kuma wadda na baro da ɓacin rai kamar Masar. A Kigali, tun daga filin jirgi aka sa na cire ledojin da na naɗe kayana da su, domin ƙasar ta haramta leda tun 2008, da na shiga gari kuwa ko ɓawon lemo ban gani a bakin titi ba. Ɗan acaɓa ba zai ɗauke ka ba sai ya miƙo maka hular kwano ta biyu, ga lamba a bayan rigarsa. Ranar Asabar ɗin ƙarshen wata shaguna a rufe suke da safe, kowa ya fito aikin gayya, mai kuɗi da talaka. A Alƙahira kuwa, inda na kai mahaifiyata ganin likita, tafintan da ya tarbe mu da fara'a shi ne ya haɗa baki da mai masauki da masu tasi, duk abin da za mu biya sai ya ɗora nasa a kai, har sai da wani ɗalibi ɗan Zariya ya karanta mini rasit ɗin da aka rubuta da Larabci sannan asiri ya tonu. Yara kuma suna bin tsohuwa a lungu suna yi mata ihun "samara" saboda baƙar fatarta, ga ta da ciwon ƙafa ba ta iya sauri. Ban sa Nijar a lissafi ba, domin Maraɗi da Damagaram da nake zuwa ba ƙasar waje ba ce, gida ne. Ina so in ji ko ni kaɗai aka yi wa haka a Masar.

Malam Issufu Mai Canji:
Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Amma kafin a je Masar, ina roƙon ka janye maganarka cewa Nijar ba ƙasar waje ba ce. Ni a Maraɗi aka yanke mini cibiya, kuma na san abin da 'yan Najeriya ke nufi idan suka faɗi haka: suna nufin ba mu kai a ƙirga mu cikin ƙasashe ba. Nijar ta samu 'yancin kanta ranar 3 ga Agusta 1960, wata biyu kafin Najeriya ta samu nata. Tana da tutarta, da sojojinta, da kuɗinta na sefa wanda kai da kanka sai ka zo wurinmu a kasuwar 'yan canji ta Zone 4 a nan Abuja ka canza kafin ka kama hanya. Ƙasar da sai ka canza kuɗi kafin ka sha ruwa a cikinta, sai jandarma ya duba takardarka kafin ka wuce, ta yaya za a ce ba ƙasar waje ba ce?

Alhaji Garba Mai Yadi:
Malam Issufu, wallahi yabo na yi, ba raini ba. Gida na ce, kuma ba a kiran wuri gida sai don ƙauna.

Barista Nura:
Da izinin manya, ni ina bayan Alhaji, kuma tarihi ma yana bayansa. Sarakunan Haɓe na Katsina da aka kora bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, su ne suka kafa sarautar Maraɗi, shi ya sa har gobe Sarkin Katsina ake ce wa sarkin can, kamar yadda Sarkin Gobir yake zaune a Tsibiri. Iyakar da Malam Issufu yake tinƙaho da ita Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a kan takarda tsakanin 1890 da 1906, ba tare da sun tambayi ko mai unguwa ɗaya ba, har ta raba wa da ƙane, ta raba gona da mai ita. Mutumin Jibiya da zai je ɗaurin aure Maraɗi ya dawo ya kwana a ɗakinsa, a ce masa ya je ƙasar waje? Ba ya neman biza, ba ya neman tafinta, tuwon da ya bari a gida shi zai tarar a can. A 2025 ma hukumomin Yamai da kansu suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ni a ganina ƙasar waje ita ce inda harshenka ba ya saya maka abinci.

Malam Issufu Mai Canji:
Barista, da wannan ma'aunin naka ai Kumasi ma gida ce, tunda a zango da Hausa za ka yi cinikin goro daga safe har dare, haka unguwar Nima a Akara. Amma duk da haka a 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, Hausawa na cikinsu, a 1983 kuma gwamnatin Shagari ta kori 'yan Gana kusan miliyan ɗaya daga nan. Ranar kora ba a tambayar harshe, takarda ake tambaya. Kuma tunda ka ce gida ne, ina wannan zumuncin yake a watan Agustan 2023, lokacin da aka rufe mana iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka yanke wutar lantarkin da mafi yawan ƙasar ta dogara da ita? Ƙanwata tana da jariri a lokacin, magani ya yi tsada, shinkafa ta yi tsada, motocin kaya suka yi jerin gwano a bakin iyaka har albasa ta ruɓe a cikin buhu. Sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. Ba a yi wa gida haka.

Barista Nura:
Gwamnati ce ta yi, ba jama'a ba. Sanatocin Arewa sun fito fili sun ƙi amincewa a kai sojoji Nijar, malamai suka yi tattaki har Yamai domin sulhu. Wa ya taɓa yi wa wata ƙasar waje irin wannan? Sannan ku ne kuka fice daga Ecowas a Janairun 2025, ba korar ku aka yi ba.

Malam Issufu Mai Canji:
Yanzu kuma "ku" muka zama, Barista? Ɗazu gida muke.

Hajiya Rabi Malamar Islamiyya:
Don Allah 'yan uwa a dawo kan Masar, domin maganar Alhaji ta taɓa ni, kuma a can na yi karatu. Ina ba shi haƙuri kan abin da aka yi wa mahaifiyarsa, ihun nan na yara ni ma an yi mini shi, ba zan ɓoye ba. Sai dai tafintan da ke cutar marasa lafiya a Alƙahira, sau da yawa ba Bamisire ba ne, ɗan uwanmu ne da ya je karatu ya mayar da raka majinyata sana'a. Alhaji bai faɗa mana ko wane ne nasa tafintan ba. Kuma bai kamata mutum ɗaya da 'yan yaran lungu su shafa wa ƙasar da ta riƙe Azhar fiye da shekara dubu kashin kaji ba, ƙasar da 'ya'yan talakawanmu suka yi karatu a cikinta da kuɗi kaɗan suka dawo suka zama alƙalai da limamai. Jirgin ƙasan cikin garin Alƙahira tun 1987 yake aiki, da tarago na mata zalla, inda nake shiga da littattafaina babu mai matsa mini. Da sassafe mai ful zai zuba maka wake mai zafi da man zaitun da gurasa, kuɗin bai taka kara ya karya ba, ka wuni a ƙoshe. Ni dai Masar ce ta fi kowace ƙasa a wurina, bayan ƙasa mai tsarki.

Liman Abdullahi:
Madalla da Hajiya da ta tuna da ƙasa mai tsarki. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, Alhaji ne ya buɗe magana, mutumin da ya sauke farali, amma da aka zo faɗin ƙasar da ta fi daɗi sai ya tsallake Makka da Madina ya tafi Kigali saboda shara. Ina tsoron irin wannan lissafi. Musulmin da ya tsaya a Rauda, ya sha zamzam a gaban Ka'aba, bai kamata ya sa wata ƙasa a gaba ba ko da titunanta na zinare ne.

Injiniya Sadiya:
Allah ya gafarta Malam, ina ganin a raba ibada da hukuma. Babu wanda ya yi jayayya da darajar Harami. Amma ma'aikacin da ke buga hatimi a filin jirgin Jidda ba Harami ba ne. A 2012 an tsare mata maniyyata 'yan Najeriya fiye da dubu saboda batun muharrami, aka dawo da da dama daga cikinsu ba su yi aikin Hajji ba. A Nuwamban 2023 an soke bizar fasinjojin jirgi guda da ya tashi daga Najeriya bayan sun sauka a Jidda, aka dawo da 177. Idan mutum ya ce bai ji daɗin wannan ba, bai saɓa wa Allah ba.

Liman Abdullahi:
'Yata, kin faɗi rabi kin bar rabi. Ki tambayi abin da takari suke yi a Makka da Jidda, masu shiga da bizar Umara su ɓuya shekara da shekaru, da masu bara a ƙofar Harami. Mu muka zubar da mutuncin fasfonmu. Daular Larabawa ma ai ta daina ba mu biza a 2022, ba ta dawo da ita ba sai a Yulin 2024, kuma duk mun san halin wasu yaranmu a Dubai.

Injiniya Sadiya:
Baba, laifin wani ba ya halatta wulaƙanta wani. Tsohuwar da ta sayar da akuyoyinta ta biya kujera ba takari ba ce.

Barista Nura:
Wannan ma ya ƙara tabbatar da maganata. A Jidda ana iya soke maka biza a dawo da kai, a Dubai ana iya hana ka, amma wa ya taɓa jin an dawo da Bakano daga Damagaram don ya je ziyara? Shi ya sa na ce gida ce.

Malam Issufu Mai Canji:
Karamci muka yi muku, shi ne kuka ɗauka ba mu da ƙofa. Kuma Maraɗi da Damagaram kaɗai kuka sani. Ku je Agadas ku ga hasumiyar masallacin da aka gina da laka, wadda ta sa aka saka tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013, ku zauna da Buzaye ku sha shayi kofi uku ku ci cuku, ku je Tillaberi inda Zabarmanci ake yi. A can za ku san kun bar gida.

Dakta Bashir:
Ni Ruwandar da aka bari a baya nake so a duba. Tsabta gaskiya ce, kuma tun 2023 suka sanar cewa ɗan Afirka zai shiga ba biza, wannan abin yabo ne. Amma shugaba ɗaya ke mulki tun 2000, a zaɓen 2024 kuma an ce ya samu sama da kashi 99 cikin ɗari. Alhaji ya ga titi, bai ga bakin mutane ba. Irin wannan muhawarar da muke yi a nan, da wuya a yi ta a fili a can.

Alhaji Garba Mai Yadi:
Dakta, ƙasar da ta fito daga kisan ƙare dangi a 1994 ta kai inda take yau, ni ba zan ga laifin mai riƙe da ita ba. A nan Abuja an hana acaɓa shiga tsakiyar gari tun 2006, amma ku fito bakin kasuwar Kubwa ku ƙirga masu hular kwano. Tafintan kuma, tunda Hajiya ta tambaya, ɗan Najeriya ne, amma masu masaukin da suka raba kuɗin da shi Misirawa ne.

Alhaji Sani, shugaban zaure:
To jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita abin da aka tattauna. Na farko, an fahimci cewa Nijar gida ce, Barista ya kawo hujjoji na tarihi waɗanda ba a iya rushe su ba, ni ma kakata ta wajen uwa mutuniyar Tasawa ce, kuma ban taɓa jin na je baƙunta ba idan na je can. Malam Issufu ya yi magana cikin zafin abin da ya faru a 2023, muna ba shi haƙuri. Na biyu, kowa ya yarda babu ƙasar da ta kai Saudiyya, kamar yadda Liman ya faɗa. Na uku, ya tabbata cewa ɗan Najeriya ne ya cuci Alhaji Garba, don haka Masar ta fita daga zargi. Batun Ruwanda kuwa ba a samu wanda ya goyi bayan Alhaji ba. A rufe maganar haka nan.

Injiniya Sadiya:
Ranka ya daɗe, ban ce na yarda ba, kuma maganar matan 2012 ba ta fito a taƙaitawarka ba.

Malam Issufu Mai Canji:
Shugaba, ba zafi ne ya sa na yi magana ba, kuma ban janye ko kalma ɗaya ba. Alhaji Garba, idan za ka tafi Maraɗi wannan makon ka biyo ta Zone 4 da wuri, sefa ta ƙara tashi, ka kuma tabbata takardun motarka na tsallaka iyaka ba su ƙare ba.