Ni ke jan addu'a a zumuntar maza, amma na kasa yi wa kaina

Mai tambaya: Salama 'yan'uwa cikin Ubangiji. Don Allah a ɓoye sunana. A Kaduna nake, da mata da yara uku. Da direba ne ni a wani kamfani, aka rage ma'aikata abin ya shafe ni. Na haɗa kuɗin sallama da adashen matata na karɓi keke napep bashi, ana biya duk mako. Ban jima da farawa ba aka cire tallafin mai a Mayun 2023, abin da na samo sai ya ƙare a gidan mai da hannun mai keke. Na ba ƙanin matata ya riƙa ja da yamma don mu cike kuɗin mako, ya je ya buga ta, gilashi da ƙafar gaba duk suka tafi. Surukata ta ce kada in tayar da maganar, na haɗiye. Ana cikin haka babana ya rasu a ƙauye. Ni ne babba, akwatin gawa, rumfa, kujeru, abincin baƙi, duk a wuyana.

Yanzu na gama biyan keken, tukunya ba ta kwana a kife a gidana. Amma ni ban dawo daidai ba. Tun kafin zakara ya yi cara barci ke ɗauke mini, in yi ta kallon silin. Abinci ba ɗanɗano. Autata ta hau cinyata tana wasa da gemuna, ba na jin komai a raina, wannan ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Ni ke jan addu'a a zumuntar maza, in yi wa kowa, in na dawo gida na buɗe Littafi Mai Tsarki haruffa kawai nake gani. Wani lokaci nakan ce da ma in kwanta kada in farka. Na yi azumi, shiru. Allah ya juya mini baya ne? Wace aya zan riƙe?

Dattijon ikilisiya: Ɗana, buɗe kunnenka. Harin Shaiɗan ne wannan, na ga irinsa ba adadi. Bulus yana ɗaure a kurkuku ya rubuta wa Filibiyawa, sura 4, cewa su yi farin ciki kullum, kada su damu da komai. Kai ga keke, ga mata, ga 'ya'ya. Namiji ba ya kwanciya yana ƙirga silin. Ka binciki kanka, ko akwai zunubin da ba ka furta ba, ko ka riƙe zakka lokacin bashin nan. Ka ƙara azumi na kwana uku.

Nas daga Jos: Yayana, kafin komai amsa mini wannan: da ka ce kada ka farka, ka taɓa tunanin yi wa kanka wani abu? Ka tanadi wani abu? In haka ne, kada ka kwana kai kaɗai da maganar, ka gaya wa wani yau, a raka ka sashen gaggawa. Abin da ka lissafa, barci mai yankewa da asuba, rashin cin abinci, daina jin daɗin abin da kake so, in ya wuce mako biyu ciwon damuwa muke zargi, kuma ana maganinsa. Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya yana nan Barnawa kusa da kai, ana ganin likita a koma gida ranar. Maganin yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ji sauƙi, ba a kuma yanke shi kai tsaye. Kada ka sayi ƙwayar barci a kemis. Azumin ma ka dakata, jikin da ba ya ci ba ya barci ba a ƙara masa yunwa.

Ɗan acaɓa: Ni dai in ka ji tawa kada ka gaya wa kowa a coci. Da na karye a ƙafa ina kwance, ba dattijo ɗaya da ya leƙo ni. Da na warke na shiga sujada da sanda, abin da sakatare ya fara tambayata shi ne kuɗin gini. Har yau abin na raina.

Uwar marayu: Ku maza shirunku ne ke kashe mu. Marigayi maigidana haka ya riƙa zama a bakin gado cikin duhu, in na tambaya ya ce gajiya ce. Bayan ya rasu danginsa suka ce ni na san abin da na yi masa, suka kwashe har injin markaɗe. Ɗana, matarka ta riga ta gani, ba ta dai san sunan abin ba. Gaya mata.

Malamin makarantar Lahadi: Ɗan'uwa, aya ka tambaya, ga sura guda: 1 Sarakuna 19. Iliya ya fito daga babbar nasara a Dutsen Karmel, wuta ta sauko a idon jama'a, amma da sarauniya Yezebel ta aiko masa da barazana sai ya gudu. Ya bar baransa a Biyer-sheba, ya shiga jeji shi kaɗai, ya zauna gindin itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Annabi ke nan fa. Duba abin da Allah ya yi masa. Bai tsawata masa ba, bai tambaye shi zunubi ba. Mala'ika ya tashe shi ya ci gurasa ya sha ruwa, ya bar shi ya koma barci, ya sake tashinsa ya ci, domin tafiyar ta fi ƙarfinsa. Sai a Dutsen Horeb aka yi magana, a can ma aka gaya masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa gunkin Ba'al ba, aka kuma ba shi Elisha ya zauna tare da shi.

In ka kasa addu'a, ari ta Zabura 88. Mai ita ya yi kuka dare da rana, ya kuma rufe da cewa duhu ne abokinsa, ba ko kalmar yabo a ƙarshe, amma Allah ya bar ta cikin Littafinsa. Yesu kansa a Getsamani ya gaya wa Bitrus da Yakubu da Yahaya cewa ransa na baƙin ciki har kamar ya mutu, ya roƙe su su zauna da shi. Bai ɓoye ba.

Dattijon ikilisiya: Malam, Iliya ya tashi ya koma aiki, ba asibiti ya tafi ba. Ku karanta 2 Tarihi 16:12. Sarki Asa ya yi ciwon ƙafa, ya nemi masu magani bai nemi Ubangiji ba, ya mutu. Yaran yanzu komai ƙwaya.

Nas daga Jos: Baba, da girmanka, laifin Asa rashin neman Ubangiji ne. Wannan bawan Allah neman Ubangiji yake har ya rame. Ishaya da kansa ya sa aka ɗora wa Hezekiya curin ɓaure a kan marurunsa, Ishaya 38:21, Bulus kuma ya kira Luka ƙaunataccen likita. Mai ciwon sukari ba ma tambayarsa zakka.

Mai tambaya: Na gode duka. 'Yar'uwa nas, ban tanadi komai ba, tunanin ne ke zuwa ya wuce. Amma Barnawa ba zai yiwu ba. Hanyar da nake ja ke nan, an san kekena, a ga ta a ƙofar nan gobe a ce na taɓu, wa zai ƙara ba ni 'ya'yansa in kai makaranta? Mama, matata na da hawan jini, kuma in na buɗe baki maganar ƙaninta za ta fito, gidan zai kama da wuta. Shi ya sa na yi shiru, ba raini ba ne. Baba, zakkata ban taɓa riƙewa ba ko lokacin bashi. Malam, na karanta Zabura 88 a cikin keke da rana, ita kam ta shiga. Azumin zan ci gaba, shi kaɗai nake jin ina yi wa Allah.

Dattijon ikilisiya: Madalla. Litinin za mu fara, ni ma zan taya ka.

Nas daga Jos: To je Shika a Zariya, asibitin koyarwa na da sashen ƙwaƙwalwa, ba mai sanin kekenka a can. Ko ka fara da likitan kowane babban asibiti.

Mai tambaya: Bari a gama godiyar girbi tukuna, ni ke riƙe da shirin maza, in na ɓace za a yi tambaya.

Nas daga Jos: Godiyar girbi sai wata mai zuwa. Ni daren yau nake tambaya. In tunanin ya dawo da asuba, wa za ka tasa?