Neman shawara: za mu kai iyalai lambu a ƙauye cikin hunturun nan

Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna da lambu na gado a wajen Bunkure, cikin filayen da ke shan ruwan dam ɗin Tiga. Tun rasuwar mahaifinmu Baffana ne ke riƙe da shi, ni kuma aiki ya zaunar da ni a birnin Kano. Ni da wasu abokaina mun shirya mu kwashi iyalanmu, manya da yara za mu kai talatin, mu tafi Juma'a bayan an sauko daga masallaci mu dawo Lahadi, a farkon Janairu kafin a koma makaranta. Burina yara su ga inda tumatir da albasa ke fitowa, su taɓa ƙasa da hannunsu, ranar Asabar da daddare kuma mu dafa abinci mu ci tare da mutanen unguwar. Me za mu shuka da ya dace da lokacin? Me za mu dafa, kwano nawa? Sanyin can fa, ga ƙananan yara?

Manomi daga Kura:
Wa alaikumus salam. Malam, tambayarka ta farko Baffa za ka yi wa. Zuwa Janairu lambu ya riga ya gama tsaruwa, kowane fangali da abin da ke cikinsa. Alkama tun tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba ake shuka ta, lokacinta ya wuce. Tumatirin da aka dasa da wuri yana fure ko ya fara nuna. Aikin da za ku tarar shi ne cire ciyawa, ban ruwa da tsinka, sai ɗan dashen da ya rage.

Ka roƙe shi tun yanzu ya ware muku fangali biyu a gefe, can nesa da tumatir, ya ajiye irin latas da na albasa. Nan yara za su yi dashensu, ko sun ɓata ba asara. Dashe da yamma ake yi, bayan la'asar, a bi shi da ruwa nan take; wanda aka dasa da rana tsaka kafin magariba ya kwanta. Karas ba a dasa shi, tsabarsa ake zubawa kai tsaye. Kada kuma wani cikinku ya ga kashin shanu ɗanye ya ce ya samo taki, ƙone iri yake yi sai ya ruɓe tukuna. Abin da ya fi ba mu haushi da baƙin birni shi ne taka bakin fangali. Yaro ɗaya ya rusa shi, ruwan da aka sha wahalar jawowa da inji ya malale gonar maƙwabci, ga man fetur da tsada. Baffa ba zai faɗa maka ba don kunya, shi ya sa ni na faɗa.

Sannan tun annobar sharon ta 2016, tsutsar nan da ta cinye tumatirin Kadawa da kewaye, manoma sun ƙara yawan feshi. Kafin yaro ya tsinki abu ya kai baki, a tambayi yaushe aka yi feshin ƙarshe.

Hajiya mai abincin biki:
Ɗana, ka gyara abu biyu. Na farko, kada ka lodo buhun shinkafa daga birni, kana wucewa ta Kura kuwa, gidan shinkafa. Ka sayi ta gida a can, kayan miya kuma ga su a lambu. Daga birni mai, sukari, ganyen shayi da kayan ƙamshi sun isa.

Na biyu ya fi muhimmanci. In kuka je da tukwanenku da matanku suka girka suka raba, sadaka kuka yi, matan unguwar kuma sun zama 'yan kallo a gidajensu. Ka sa uwargidanka ta kira matar Baffa, ita za ta zama uwar girki, ita ta san wa za a kira da wa zai ji haushi in ba a kira shi ba. A bar kowane gida ya fito da akushinsa kamar yadda aka saba ciyayya: wannan tuwon dawa miyar kuka, wancan dambu, wata kwaɗon zogale. Naku ya shigo cikin jerin. Za ka ga yaranka sun bar shinkafar sun koma kan ɗanwake.

Lissafi kuwa, ni a wajena kwano ɗaya na shinkafa mutum goma sha biyu ne zuwa sha biyar. Amma a ƙauye ba a ƙirga baki, yara da almajirai ba sa jiran gayyata. Ku ɗora babbar tukunyar faten tsaki da yakuwa da alayyahu, shi yake da auki, ga shi da zafi daidai sanyi. Kuma a ci tsakanin azahar da la'asar. Da daddare abinci na barin tukunya ya sandare, tsofaffi ma ba za su fito ba.

Baban 'yan biyu:
Hajiya ta gama magana, amma ni ban yarda a kashe zaman dare ba. Bayan isha'i a hura wuta a ƙofar gida, a gasa akuya, a dafa shayi, a bar dattawa su ba yara labarin yadda ake ban ruwa da jigo kafin a gina Tiga a 1974. Wannan ai shi ne tafiyar.

Ma'aikaciyar jinya:
Wutar a yi ta a fili, nesa da danga da rumbu da tarin kara, a kashe ta da ruwa kafin a watse. Iskar hunturu ba ta da wasa. Ina roƙonku da Allah kada kowa ya shiga da kaskon gawayi ɗaki ya rufe ƙofa don jin ɗumi. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, mutum yana barci take kashe shi. Bargo, hular sanyi, safa da man kaɗe ko basilin sun wadatar. Mai asma ya tafi da maganinsa saboda ƙura.

Yara kuma kada su shiga kanal, wato babbar hanyar ruwan dam. Ruwan yana da ja fiye da yadda ake gani, ga tsargiya da ake ɗauka a irin ruwan nan, sai bayan makonni a ga fitsarin jini. Latas da kabeji a wanke da ruwan rijiyar burtsatse.

Ɗan Garun Malam:
Ni dai tambayata, mutum talatin a ina za su kwana? Banɗaki nawa ne a gidan Baffa? Tsohon nan zai tashi iyalinsa daga ɗakunansu ya ce ba komai. Ku rage kwanan ya zama ɗaya, ko masu jarirai su zo da safiyar Asabar su koma kafin duhu, tafiyar ba nisa. In hazo ya sauka, a kunna fitila a bi titin Zariya a hankali. Kuma da isarku Baffa ya raka ku gaida mai unguwa da ɗan goro, kada ya ji labarin taro a bakin yara.

Mai tambaya:
Allah Ya saka da alheri. Na kira Baffa, ya ce fangali biyu ba matsala, akwai ragowar irin latas, sai dai ranar Asabar da sassafe motar kwanduna za ta zo ɗaukar tumatir zuwa kasuwar Kwanar Gafan, yana buƙatar hannu wajen tsinka. Mun koma kwana ɗaya, maza a zaure, mata a cikin gida. Abinci bayan azahar, shayi da daddare.

Manomi daga Kura:
To ku zo da takalman roba, da asuba ƙasar fangali kamar ƙanƙara take. Kuma ka gaya wa abokanka ba a fizgar tumatir, murɗa shi ake yi a hankali don kada reshe ya karye.