Abacha Ɗan Kama-Karya Ne? Muhawarar da Ta Raba Zauren Zazzagawa

Ɗan Fansho, Tudun Jukun: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Yau da safe na koma ofishin da ke riƙe da haƙƙina na barin aiki, aka sake ce mini in dawo wata mai kamawa, alhali kuɗin da na ba mai Napep zuwa da dawowa sun isa cefanen gidana na yini guda. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 talaka bai sake numfasawa ba, domin litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya kuma ta yi gaba abinta. Abin da nake cewa shi ne, yunwar da ake gana wa mutane a mulkin farar hula zalunci ce da ta zarce na zamanin soja. Janar Sani Abacha, duk da kasancewarsa ɗan kama-karya, a kan naira 11 ya bar mana lita har ya koma ga Allah a 1998. Wanda yake da ja ya fito ya faɗa mini abin da zaɓe ya tsinana wa mai fansho.

Alhaji, Kasuwar Sabon Gari: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya fito maka da haƙƙinka. Sai dai kafin a je ko'ina ina roƙonka ka janye kalmar nan ta kama-karya, domin ba ta dace da mutumin da kai da kanka kake yabawa ba. Jaridun Legas da Turawan Yamma ne suka liƙa masa ita saboda ya ƙi rusuna musu. Mutumin da ya kafa PTF, wato hukumar asusun rarar kuɗin man fetur, ya damƙa ta a hannun Buhari, har muka ga magani da tambarinta a asibitoci, muka ga an gyara hanyoyi, mutumin da ya ba mu Zamfara da Gombe da Nasarawa a 1996, shi ne za a jera da Idi Amin? Bawan Allah ya riga mu gidan gaskiya, kamata ya yi a ambace shi da alheri.

Lauya, Kongo: Alhaji, da girmanka, babu wanda ya ambaci Idi Amin kafin kai. Kalmar kuma ba zagi ba ce, siffar mulki ce. Wanda ya karɓi gwamnati a watan Nuwamban 1993 ba tare da ƙuri'a ko ɗaya ba, ya rushe majalisu da jam'iyyu, ya riƙa fitar da dokokin soja waɗanda suka hana kotu sauraron ƙara a kansu, to me za a kira shi? Jam'iyyu biyar ɗin da aka yi wa rajista daga baya dukkansu shi suka tsayar ɗan takara a 1998. Gina hanya ba ya goge wannan, domin Hitler ma ya gina hanyoyi a Jamus.

Tsohon Saje, Jushi: Yaro, ka iya bakinka. Ka san waye Hitler kuwa? Mutumin da ya hallaka Yahudawa miliyan 6, ya jefa duniya cikin yaƙin da ya ci mutane miliyoyi masu yawa tsakanin 1939 da 1945, shi za ka ajiye kusa da janar ɗin sojan Nijeriya? Mahaifina yana cikin waɗanda aka ɗiba daga ƙasar nan aka kai Burma, kuma da tabon yaƙin Hitler a ƙafarsa aka binne shi. Ku da kuka karanta yaƙi a takarda ba ku san nauyin sunayen da kuke jefawa ba. Kuma bari in tuna maka abin da ba a koya muku ba. A 1976 an harbe Dimka da Bisalla a kan juyin mulki. A 1986 Babangida ya harbe amininsa Mamman Vatsa, a 1990 kuma aka harbe sojoji da dama bayan yunƙurin Orkar. Abacha an kawo masa waɗanda aka yanke wa hukuncin juyin mulki a 1995, aka sake kama su Diya a 1997, amma ko ɗaya daga cikinsu ba a ɗaure a jikin durom an harbe ba. Don me shi kaɗai ake kira da wannan suna?

Lauya, Kongo: Baba Saje, Allah ya jiƙan mahaifinka, amma a Burma da sojojin Japan aka gwabza, ba da na Hitler ba.

Tsohon Saje, Jushi: To Japan ɗin ƙawar wa ce? Yanzu kai ne za ka koya mini yaƙin da ubana ya yi? Mu a gida yaƙin Hitila muka ji ana kiransa, kuma haka dattawan da suka dawo suke kiransa har suka ƙare. Ka je bakin barikin Cindit ka tambayi daga ina sunan ya samo asali, sannan ka dawo mu yi magana.

Malama, Samaru: Baba Saje, maganarka ta harbi gaskiya ce, ban musa ba, amma ba a bakin bindiga kaɗai ake mutuwa ba. Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, ɗan Arewa kuma soja irinka, a kurkukun Abakaliki ya rasu a watan Disamban 1997. Ken Saro-Wiwa da mutum takwas an rataye su a Fatakwal ranar 10 ga Nuwamban 1995, abin da ya sa aka dakatar da Nijeriya daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. Kudirat Abiola an harbe ta a kan titin Legas a 1996, a shekarar da aka tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki aka kai shi Taraba. Bagauda Kaltho, ɗan jaridar da ke aiki nan Kaduna kusa da mu, ya ɓata a wannan zamani, iyalinsa ba su ga gawarsa ba. Mu da muke Samaru mun ga lokacin da aka naɗa Manjo Janar Mamman Kontagora ya zama kantoman Jami'ar Ahmadu Bello a 1995, wato soja a kujerar shugaban jami'a.

Ina kuma so in ce wa ɗan'uwana mai fansho, naira 11 ɗin nan a allon gidan mai take, ba a cikin tanki ba. Mutane sun kwana a layi, kananzir ya yi ɓatan dabo, har mata suka koma ga murhun da aka laƙaba wa sunan Abacha. Gwangwani ne ake samu, a tsayar da kwalba a tsakiyarsa, a danƙara garin katako kewaye da ita a daddaka har ya kama jikinsa, sannan a zare kwalbar a hankali a kunna wuta a ramin da ta bari. Idan garin bai danƙaru ba sai ya rufta a tsakiyar girki, hayaƙi ya turnuƙe ɗaki, tuwo ya tsaya rabi. Da hannuna na yi wannan, kuma a lokacin mijina yana da digiri na uku. Mai sayar da jarida kuwa a ƙarƙashin tabarma yake ɓoye mujallun Tell da TheNews, sai ya kalli fuskarka ya tabbatar ya san ka kafin ya zaro maka.

Alhaji, Kasuwar Sabon Gari: Hajiya Malama, ku mutanen Samaru dama ba a taɓa yin gwamnatin da ta yi muku daidai ba. A zamanin Obasanjo na soja kun yi bore a 1978, a zamanin Babangida kun yi a 1986, aka rasa rayukan ɗalibai a duka biyun, amma ban taɓa jin kun tsananta wa waɗancan kamar yadda kuke tsananta wa Abacha ba. Mu a kasuwa abin da muka sani shi ne, dala ta zauna wuri ɗaya shekara da shekaru, ɗan kasuwa yana iya ɗaukar kaya bashi ya san abin da zai biya. Ina tafiya Kano da dare in dawo, ban taɓa tunanin mai garkuwa da mutane ba.

Malama, Samaru: Alhaji, dalar naira 22 ta gwamnati ce da waɗanda suke kusa da ita, kai a wajen 'yan canji sama da naira 80 kake sayenta, kuma ka fi ni sanin haka. Ratar da ke tsakanin farashin biyu ita ce ta azurta wasu. Batun Babangida kuwa, mu ne muka ga an kori Dakta Patrick Wilmot daga ƙasar nan a 1988, aka sallami marigayi Dakta Bala Usman daga aiki a 1989, saboda haka kada ka ce mun yi shiru. Shi ma kama-karya ya yi, haka Buhari na 1984 da dokarsa mai lamba 4 wadda ta ɗaure 'yan jarida biyu. Sannan kuɗin Abacha da Suwizalan ta dawo da su, har da dala miliyan 321 na 2017, daga aljihun wa suka fita?

Alhaji, Kasuwar Sabon Gari: Ajiya ce ya yi wa ƙasa saboda takunkumin da Turawa suke shirin ƙaƙaba mana, kowa ya san wannan. Wancan “ku mutanen Samaru” kuwa ban janye ba.

Lauya, Kongo: Ajiyar ƙasa da sunan 'ya'ya da abokai, Alhaji? A kawo takarda ɗaya da ta nuna haka.

Ɗan Fansho, Tudun Jukun: Jama'a, ni fa maganar fansho da tsadar rayuwa na kawo. Na janye kalmar idan ita ce matsala, a dawo kan abin da na tambaya.

Matashi, Tudun Wada: Baba, kada ka janye komai, a bar ta a tattauna, domin duk shugaban da ya tsaya wa mutanensa da wannan suna ake kiransa. Haka aka yi wa Gaddafi har aka kashe shi a Sirte a 2011, yau ga Libiya nan a wargaje, makamanta kuma sun malalo Sahel suna cin mu. Haka aka yi wa Saddam, aka ce yana da makaman ƙare dangi, Amurka ta mamaye Iraƙi a 2003 ba a samu komai ba, aka rataye shi ranar Babbar Sallah a 2006. A unguwarmu akwai waɗanda aka haifa lokacin yaƙin Tekun Fasha na 1991 aka sa musu sunansa, kuma iyayensu ba jahilai ba ne.

Malama, Samaru: Ɗana, ƙaryar da Amurka ta yi a 2003 ba ta mayar da Saddam waliyyi ba. Ka nemi labarin Halabja, inda aka watsa wa Kurdawa iskar guba a 1988 mutum kusan 5,000 suka mutu, kuma Musulmi ne 'yan'uwanka. Ka nemi labarin kurkukun Abu Salim a Tarabulus ta Libiya, inda aka kashe fursunoni sama da 1,000 a 1996 a mulkin Gaddafi. Shekara nawa gare ka lokacin da Abacha ya rasu?

Matashi, Tudun Wada: Mama, ba a haife ni ba, amma ina da shekaru a watan Disamban 2015 lokacin rikicin sojoji da 'yan Shi'a, kuma a garin nan na Zariya nake. Hukumar binciken da gwamnatin jihar Kaduna ta kafa da kanta ta ce mutum sama da 300 aka kashe, kuma a mulkin farar hula aka yi. Wane suna za ku ba wannan?

Tsohon Saje, Jushi: Wannan magana ce daban, kuma waɗanda suka tare wa sojoji hanya ai ba ka ambace su ba.

Shugaban Zaure, Ƙofar Doka: Ya isa haka. Maganar 2015 dokar zaure ta hana ta tun da daɗewa, kuma na goge saƙonni huɗu da suka biyo bayanta. Ga taƙaitaccen abin da aka tattauna domin waɗanda ba su samu bibiya ba. Ɗan'uwanmu mai fansho ya kawo kuka a kan tsadar rayuwa, ya yi tuntuɓen harshe da wata kalma, kuma cikin dattako ya janye ta. Alhaji da Baba Saje, waɗanda suka rayu a zamanin suka gani da idonsu, sun kawo hujjoji masu ƙarfi a kan tsaro da tsayuwar naira da ayyukan PTF, kuma an tabbatar da cewa marigayin bai harbe kowa a kan juyin mulki ba. Malama ta kawo wasu ƙorafe-ƙorafe irin na mutanen jami'a, akasarinsu abubuwan da suka faru a Kudu, tare da labarin murhu. Lauya ya kwatanta tsohon shugaban ƙasarmu da Hitler, ya kuma yi wa dattijo gyara a kan mahaifinsa, abin da bai dace da tarbiyyar Zazzau ba, don haka ina ba shi zuwa Azahar ta gobe ya ba Baba Saje haƙuri a bainar jama'a. Ra'ayin mafi rinjaye, kamar yadda na fahimta, shi ne kalmar kama-karya ta dace da irin su Idi Amin da ya kori Indiyawa daga Yuganda a 1972 da Bokassa da ya naɗa wa kansa sarauta a 1977, amma ba ta dace da Janar Abacha ba. Na rufe zauren zuwa bayan sallar Asuba, kuma duk wanda ya sake tayar da maganar kuɗin Suwizalan ba tare da izinina ba zan cire shi na mako guda.