Mourinho ya bar Fenerbahce, ya zan yi da rigunan da na saro?

Mai Riguna: Salam jama'a, shawara nake nema don Allah. Rigunan bal nake sayarwa a bakin gidan kallo na unguwarmu, farkon kakar 2025/26 na saro na Fenerbahce ta Turkiyya guda 30 saboda akwai matasa da duk inda koci Mourinho ya je nan suke, tun daga Chelsea har Roma. Guda 8 kawai na sayar, sai ga labari a Agustan 2025 an sallame shi bayan Benfica ta cire su a neman gurbin Champions League. In karya farashi in fitar da uwar kuɗina, ko in ajiye in ga inda zai koma? Kuɗin adashe ne wlh, ƙarshen wata zan zuba.

Ɗan Blues: Saudiyya zai tafi, ka rubuta ka ajiye. Yana da shekara 62 aka sallame shi, me ya rage masa a Turai?

Na Madrid: Wane Saudiyya, mutumin nan ƙasarsa yake jira, ana gama kofin duniya na 2026 zai karɓi Portugal. Ko kuma Benficar da kanta, ai can ya fara koci a 2000.

Baban Yara: Ɗan uwa ka saurare ni, ni abin nan ya taɓa cina. Lokacin da Roma ta ci kofin Conference a 2022 yara suka dame ni, na ari kuɗin uwargida na ɗinki na saro rigar Roma katan guda. Na sayar da wasu, na riƙe sauran wai sai sun yi tsada, Janairun 2024 aka kori mutumin. Na ce bari in jira, ina jira damina ta shigo, rufin shago ya yi yoyo, da na buɗe katan ɗin jan ya zuba a kan fararen, lambobin baya duk sun manne da juna kamar cingam. A dubu ɗaya da ɗari biyar na rabar, wasu ma masu wankin mota na ba. Har yau in muka yi saɓani a gida sai an tuna min keken ɗinkin da ba a saya ba.

Ɗan Gunners: Allah ya mayar da alheri baba. Amma nawa ka saro Mai Riguna? Ni dubu 7 na sayi tawa a Sabon Gari.

Ɗan Blues: Dubu 7? Wannan ai ta roba ce, wanki biyu tambarin ya ɓare. Mai kyau ba ta ƙasa da 12.

Na Kaduna: Nan 9,500 ce har da buga suna.

Na Madrid: Ɗan Blues, kai da ka ce koci Alonso zai je Liverpool a 2024, yau kai ne za ka faɗa mana farashi da inda koci zai je?

Ɗan Blues: To kai ka taɓa sayar da ko safa? A bar baba ya yi magana, shi ya ga uwar bari.

Ɗan Gunners: Ku kai Mourinho Man United kawai, tunda ƙaramar ƙungiya irin Grimsby ma ta fitar da su 😂

Mai Riguna: Jama'a ba inda zai je ne damuwata ba, riga 22 ce a hannuna.

Na Kaduna: Da Galatasaray ka saro tun farko, Osimhen na can, ita ce ke tafiya yanzu. Ni abin da ke min ciwo ma gidan kallonmu ne, wasan Turkiyya sai mun haɗa kuɗin data an jona waya da talabijin, kuma mai gidan ya karɓi 300 ɗinsa cif, ana tafiya hutun rabin lokaci ya kashe janareto wai mai ya yi tsada, mu zauna cikin zafi.

Baban Yara: Namu ma haka yake, fanka ɗaya ce ke aiki tun azumi. Naku nawa yake karɓa ranar Champions League?