Zama a gidan gona kusa da Kujama: me ya kamata a fara da shi?

Baban Ummi: Assalamu alaikum. Fili ne kadada ɗaya a cikin daji, kilomita 4 daga Kujama, ba wutar NEPA, ba famfo. Ana so a gina ciki biyu da falo a tare da iyali. Masana, da me za a fara, kuma me ya fi ba mutane matsala?

Safiyo: Wa alaikumus salam. Malam, kafin bulo ɗaya ya hau, takarda tukuna. Idan gonar gado ce, duk magada su sa hannu a gaban mai unguwa da dagaci, don ɗan'uwa ɗaya da ba ya nan ya isa ya tayar da cinikin bayan shekara biyar. Sannan a kai lambobin filin KADGIS, hukumar kula da filaye ta jihar Kaduna, a duba ko ya faɗa gandun daji ko wani tsarin gwamnati. A tambayi makiyayan wurin ko burtali ya ratsa ta ciki. Wanda ya toshe burtali da katanga ya sayi rigima.

Maganar tsaro kuwa ba a yi mata kara. A zauna da 'yan sintiri da dattawan unguwa a ji halin da ake ciki da dare. Gidan da in an yi ihu maƙwabci ba zai ji ba, ban ba da shawarar a kai mata da yara ba.

Mai Rijiya: Ruwa shi ne na biyu. Ƙasarmu dutse ne a ƙarƙashi, ruwan yana cikin tsagogin dutsen, shi ya sa wani zai samu, maƙwabcinsa ya haƙa a banza. Kada a kira masu burtsatse sai an yi awon ƙasa don gano inda ruwa yake. In rijiyar hannu ce, a haƙa ta a Maris ko Afrilu lokacin da ruwa ya yi ƙasa sosai. Wadda aka haƙa a Satumba tana ruɗi, da bazara sai ta ƙafe. Masai ya yi nesa da rijiya aƙalla mita 30, kuma ta gangare. Mutum shida a lita 50 kowanne lita 300 ke nan a rana, tankin lita 2,000 zai kai kwana shida da ɗoriya.

Injiniya Sola: Wuta kuwa, sai sola. Batir biyu masu 200Ah a 12V suna ɗaukar 4,800Wh, amma rabi kawai za a ci in ana so su daɗe, wato 2,400Wh. Ya isa fitilu, fanka biyu da cajin waya. Firji da famfon ruwa su yi aikinsu da rana tsaka. Da hunturu a wanke farantin sola duk mako, ƙura na rage wuta ƙwarai. A kafa sandar tsawa, gida shi kaɗai a fili ne.

Magini: Gara, Alhaji, gara. A ɗaga daɓe kamar ƙafa biyu daga ƙasa, a shafe katakon rufi da maganin gara na Solignum kafin a ɗora, kada wani katako ya taɓa ƙasa. A ɗaure rufin da langalanga a jikin bulo, iskar farkon damina ita ke yaye kwano.

Ƙarshen Oktoba, kafin ciyawa ta bushe, a share kewayen gida faɗin mita 10 saboda gobarar daji. Rumbu da akurkin kaji su yi nesa da ɗakin kwana: hatsi na jawo ɓera, ɓera na jawo maciji. In kububuwa ta sari mutum, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaurewa da igiya. A hana ƙafar motsi a wuce asibiti. Tun yanzu a binciki asibitin da ke ajiye allurar dafin maciji, a kuma gwada hanyar zuwa can a watan Agusta, a ga ko mota na wucewa.