Kifi ne a cikin dutse, amma wane iri?

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masu ilimin duwatsu, abin nan ya tsaya mini a rai.

Masu fasa dutse a wajen Figil, arewa da Garwa a ƙasar Kamaru, suka ba ni wani falalen baƙin dutse mai ɓarewa falle-falle. A jikinsa akwai ɓawon kifi jere reras, kowane mai kusurwa huɗu a karkace, mai kauri, yana ƙyalli, faɗinsa bai kai santimita 1 ba. Da ganinsa sai na tuna gartsan Kogin Binuwai. Babu kai, babu wutsiya, babu haƙori ko ɗaya.

Na goge shi da burushi mai laushi, ba abin da ya ƙaru. Na ɗiga ruwan tsami a gefe don in ga ko dutsen farar ƙasa ne, bai yi kumfa ba. Da na sa allura don in buɗe sauran, sai dutsen ya fara ɓarewa tare da ɓawon, dole na dakata.

Na tura hotuna, amsoshin suka saɓa. Wani ya ce kifin zamanin Debon ne, wato shekaru miliyan 419 zuwa 359 da suka wuce. Wannan bai kwanta mini ba, domin duwatsun kwarin Baburi-Figil na farkon zamanin Kiretashiyos ne, wanda ya zo can bayan na Debon, kuma an samu Lepidotes, wani kifin zamanin da mai irin wannan ɓawo, a cikinsu. Sai dai ban ga inda aka haƙo falalen da idona ba, kuma tun zamanin Debon akwai kifaye masu irin wannan ɓawo.

Don Allah, idan ɓawo kaɗai ke hannu, wace alama zan duba da gilashin ƙara girma da za ta tabbatar mini Lepidotes ne ko ba shi ba ne? Na gode.