Matse kafireta ko sauya sifiroket: abin da masu babur na shiga ƙauye suka gani da idonsu

Malamin gona, Dass: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Babur ɗina Yamaha XTZ125 ne, irin masu dogayen ƙafafun nan da aka ƙera domin kwalta da burji, kuma rabin aikina a kan hanyoyin ƙauyukan da ke gindin duwatsun Mbula yake. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowa ya shiga neman dabarar rage shan mai, ni ma wani makaniki ya ce zai matse mini kafireta, na kuwa amince. Shan man ya ɗan ragu, amma yanzu injin yana ɗaukar zafi da wuri, yana harbi ta salansa idan na saki totur a gangara, sannan idan na ɗora buhun taki na fuskanci tudu sai ya riƙa shaƙewa har sai na yi ta wasa da kuloc. Wasu abokan aiki sun ce sifiroket, wato faifan ƙarfe mai haƙora da sarƙa ke bi a kai, ya kamata in sauya. Ina roƙon duk wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya gaya mana abin da ya gani.

Makaniki, cikin garin Bauchi: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka sayi komai, ka sa a kwance kwanon da ke ƙasan kafireta a ciro jet ɗin guda biyu, wato 'yan ƙusoshin nan masu rami da mai ke bi ta ciki, a ɗaga su sama a leƙa ta cikin ramin. A cikin mashinan da ake kawo mini da irin wannan ciwo, sau da yawa nakan tarar an zura silin wayar lantarki guda ɗaya a ramin jet domin a tsuke shi, kuma wannan shi ne abin da wasu ke kira matsewa. Kafireta aikinta gauraya mai da iska, kuma ta raba aikin gida uku. Daga silo, wato lokacin da inji ke aiki ba a taɓa totur ba, zuwa kwatan totur, ƙaramin jet da sukurun da ke gefe ne ke ba da mai. Daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu allurar da ke hawa da sauka cikin kafireta ce ke iko. Idan kuma ka murɗe totur har ƙarshe, babban jet ne kaɗai ke magana. Harbin da kake ji a salansa idan ka saki totur yana nuna mai ya yi ƙaranci a ɓangaren ƙaramin jet, ko kuma iska na shiga ta wata tsaga a robar da ta haɗa kafireta da inji, shaƙewar kan tudu kuwa ta allura ce ko ta babban jet.

Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne, waɗannan injuna ba su da lagireto, iska ce ke sanyaya su, kuma man da ke shiga yana taimakawa wajen rage zafin kan fistin da bawul. Idan aka hana shi, zafin zai ci bawul ɗin salansa, ya kashe ringi, wani lokaci har ya huda fistin, kuma kuɗin buɗe inji sau ɗaya yana iya fin abin da ka tara na mai. Ka ciro fulogi bayan tafiya mai ɗan nisa ka duba bakinsa. Idan ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan; idan ya yi baƙi da toka busasshiya, mai ya yi yawa; abin da ake so shi ne launin shayi da madara. A kula kuma da sukurun gefen, domin iri biyu ne. Wanda yake ɓangaren iyakilina, wato matatar iska, na iska ne, kwance shi yana rage mai, wanda yake ɓangaren inji kuwa na mai ne, kwance shi ƙara mai yake yi, don haka wanda bai bambance su ba zai yi ta murɗawa yana ƙara ɓata lamarin.

Ɗan kasuwar dankali, Toro: Oga makaniki ya faɗi gaskiya, sai dai ina so in ƙara batun tudu, domin ni kullum tsakanin Bauchi da Jos nake. Garin Bauchi yana kan tsayin kusan mita 600 daga teku, Jos kuwa kusan mita 1,200, kuma iskar can sama ta fi sauƙi, saboda haka kafiretar da take daidai a Bauchi takan ɗan ba da mai fiye da kima idan aka wuce Tilden Fulani aka hau. Nakan ji mashin ya yi nauyi yana gurnani, fulogi kuma ya yi duhu. Wani a Jos ya taɓa sassauto mini da allura, wato ya mayar da ɗan ƙarfen da ke riƙe ta gaɓa ɗaya zuwa sama, mashin ya yi daɗi a can, amma ranar da na sauko Alkaleri cikin zafin watan Afrilu sai da na tsaya a inuwa saboda ƙaurin da injin ke yi. Tun daga lokacin na bar saitin a kan na Bauchi. A ganina bambancin mita 600 bai kai a taɓa jet ba, kuma gara mai ya ɗan yi yawa a sama da ya yi kaɗan a ƙasa. Abin da ya fi yi mini amfani shi ne wanke soson iyakilina akai-akai a lokacin hunturu, a shafa masa ɗan baƙin mai a matse, domin ƙurar hazo idan ta toshe shi tamkar ka ja cok ne kana tafiya.

Ma'aikacin riga-kafi, Gamawa: Yallaɓai na Dass, mu a nan ba mu da duwatsu, rairayi ne ke wahalar da mu, amma maganin ɗaya ne. Na samu nawa mashin da sifiroket mai haƙora 14 a gaba, mai 48 a baya, wato sai ƙaramin ya juya kusan sau 3.43 kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Da farko na sa mai haƙora 13 a gaba saboda ya fi araha, lissafin ya koma 3.69, kuma nan take mashin ya riƙa fita daga yashi a giya ta biyu, inda a da sai giya ta ɗaya da ƙona kuloc. Illarsa ita ce sarƙa tana lanƙwasa sosai a kan ƙaramin sifiroket, ta yi saurin miƙewa, ta kuma cinye robar da take gogawa a kai. Da lokacin sauyi ya yi sai na mayar da 14 na sa 52 a baya, wanda ya ba da 3.71, kusan daidai da na farkon, sai dai ya buƙaci a ƙara wa sarƙar gaɓa biyu. Haƙori ɗaya a gaba yana daidai da uku zuwa huɗu a baya, wannan shi ne lissafin da ya kamata mutum ya riƙe. Ba a samun wannan ƙarfi kyauta, domin a kukan injin da a da yake ba ni kilomita 80 a sa'a, yanzu kusan 74 nake samu, kuma a kan kwaltar Azare ana jin injin yana neman wata giyar da babu ita.

Malamin makaranta, Alkaleri: Ni akasin haka na gwada, na sa 15 a gaba, lissafin ya sauko 3.2, da tunanin cewa idan injin ya rage juyawa a kan hanyar Gombe mai zai ragu. Idan ni kaɗai ne kuma babu iska, tafiyar tana da laushi ƙwarai. Amma da zarar na ɗauki mutum, ko iskar hunturu ta tare ni bayan gadar Dindima, injin 125 ba ya iya jan giya ta biyar, dole in koma ta huɗu ko in murɗe totur gaba ɗaya, kuma a ƙarshe ban ga wani ragi a gidan mai ba.

Malamin gona, Dass: Allah Ya saka da alheri. An buɗe kafiretar, an kuwa tarar da silin wayar a babban jet, sukurun gefen ma an ɗaure shi kusan ƙarshe. An cire, an wanke, an mayar da saitin, harbin ya daina kuma zafin ya ragu. Da kaya a kan tudu har yanzu ina son ƙarin ƙarfi, don haka zan bi shawarar ɗan'uwana na Gamawa.

Dattijo, tsohon ma'aikacin gandun daji, Ningi: Yaro, ka yi sa'a injinka mai bugu huɗu ne. Mu da muka saba da Yamaha DT125 mai bugu biyu mun san wannan matsewa ta fi haɗari a wurinmu, musamman idan an cire famfon baƙin mai ana zubawa a tanki, domin ta ramin jet ɗin nan ne baƙin man yake bi ya isa fistin, wanda ya tsuke shi kuwa ya hana injin mai da baƙin mai a lokaci guda. Na ga injin da fistinsa ya maƙale a tsakiyar daji saboda haka. Sannan duk mai sayen man galan a bakin hanya ya sa ƙaramar matata a tiyon da ya fito daga tanki, ya kuma riƙa kwance sukurun da ke gindin kwanon kafireta yana tsiyayewa, domin ɗigon ruwa ko tsaki ɗaya a cikin jet yana iya kawo irin alamomin da ka lissafa ba tare da kowa ya taɓa saiti ba.

Makaniki, cikin garin Bauchi: Baba ya cike abin da na bari. Malam, tunda za ka sa 52, ka sayi sarƙa sabuwa mai lamba 428 da sifiroket na gaba tare, kada ka ɗora sabon ƙarfe a kan miƙaƙƙiyar sarƙa, domin za ta kwantar da haƙoransa kafin damina ta fita. Ka bar kafiretar yadda take yanzu, ka yi tafiya da sabon sifiroket ɗin tukuna, domin idan aka taɓa abubuwa biyu rana ɗaya ba a sanin wanda ya gyara da wanda ya ɓata. Ka kuma tsaya a kan yaron da zai ja sarƙar, saboda yawancinsu sun saba da Bajaj da Jincheng, sukan ɗaure ta tamau. Irin mashin ɗinka ƙafarsa ta baya tana lotsawa da nisa, sarƙar kuma tana ƙara ɗamewa idan nauyi ya hau, don haka a ɗora buhun a kai, kai ma ka zauna, a tabbatar har yanzu tana da ɗan wasa kafin a ɗaure notin taya.